Yadda za a gane matsalar bunƙasar ƙwaƙwalwa ga yaro tun yana goye

Yawancin yaran da ake kai wa likita a Jos saboda rashin magana ko rashin tafiya, mahaifiyarsu ta riga ta lura da abin tun da daɗewa. Ta faɗa a gida, sai aka ce mata namiji ne, maza ba sa saurin magana, ko babansa ma sai da ya shekara 3 kafin bakinsa ya buɗe, ko kuma ƙiba ce ta hana shi zama. Wani lokaci maganar gaskiya ce. Amma a shekaru 3 na farko ƙwaƙwalwa ta fi saurin ginuwa da karɓar gyara, don haka watannin da aka ɓata ana jira suna da tsada. Ga yadda uwa da uba da kaka za su bi lamarin daki-daki, daga ranar haihuwa har yaro ya kai shekara 3.

Abin da za a tanada, da yadda ake ƙirga watanni

Kayan aikin ba su da yawa: katin rigakafin yaro, ƙaramin littafi da biro, tef ɗin awo irin na tela, da wayar da ke ɗaukar bidiyo. A littafin ake rubuta ranar da yaro ya fara kowane abu: murmushi, riƙe wuya, zama, rarrafe, kalmar farko. Idan likita ya tambaya bayan shekara 2, ba wanda zai iya tuna waɗannan ranaku da ka.

Idan bakwaini ne, sai a gyara lissafi. Cikakken ciki mako 40 ne. Jaririn da aka haifa a mako 32 ya zo da saura mako 8, wato wata 2. Idan ya cika wata 6 da haihuwa, sai a duba shi da ma'aunin ɗan wata 4. Haka za a riƙa cirewa har ya shekara 2. Rigakafi kuwa da ainihin ranar haihuwa ake lissafa shi, ba a cire komai.

Kafin ranar suna: shawara

A nan ya kamata a fi tsayawa, domin shawarar jarirai na cikin manyan abubuwan da ke jawo shanyewar gaɓoɓi da kurumta a Najeriya, kuma ana iya tare ta cikin kwanaki kaɗan. Takan fi tsanani tsakanin kwana 3 zuwa 5, daidai lokacin da gida ya cika da 'yan barka, mai jego na fama da wanka, jariri kuma na naɗe cikin rigunan sanyi da hula da bargo a ɗaki mai duhu. A watannin Disamba da Janairu, da sanyin Jos ke kai wa maƙura, jariri kan yi kwanaki ba wanda ya ga fatar jikinsa a hasken rana.

Kowace safiya har kwana 7, a kai jariri bakin taga ko ƙofa inda hasken rana ke shigowa. Hasken lantarki da na tocila suna ɓoye launin. A buɗe masa riga na minti ɗaya, a danna yatsa a goshi ko kan hanci a ɗaga, a kalli launin wurin kafin jini ya dawo. A duba farin ido da dasashi. Sai a sauka ƙirji, ciki, cinya, tafin hannu da tafin ƙafa, domin shawara daga kai take farawa ta gangara ƙasa. Iyakar inda ta kai shi ke nuna yawanta a jini.

A tafi asibiti a ranar, ba washegari ba, idan launin rawaya ya bayyana cikin sa'o'i 24 na farko, ko ya sauka ƙasan cibiya, balle tafin hannu da ƙafa. Haka ma idan jariri ya ƙi kama nono, ko barci ya yi masa nauyi har ba ya tashi shan mama, ko kukansa ya zama siriri mai tsini, ko ya fara banƙarewa yana tura kai baya. Waɗannan na ƙarshe alamu ne cewa sinadarin da ke jawo shawarar ya fara taɓa ƙwaƙwalwa. A asibiti za a auna jini, a sa shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, in abin ya yi yawa a sauya masa jini. Ruwan gulukos da maganin ɗigawa na kemis da jiƙo ba sa rage shawara, kuma shanya jariri tsirara a rana na iya jawo masa ƙuna, ko sanyi ya kama shi.

Akwai abin da ya kamata kowace kaka ta sani. Yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, ana haifar su da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD. Irin wannan jariri, warin kafur kaɗai na iya farfasa masa ƙwayoyin jini. Kayan sanyin da aka ajiye a akwati da kafur, a wanke su tas a shanya kafin su taɓa jikin jariri, kuma a nisanta shi da man shafawa ko hoda mai mentol. Uwar da rukunin jininta ke da alamar negetif tana buƙatar allurar kariya cikin sa'o'i 72 bayan haihuwa, saboda 'ya'yan da za ta haifa nan gaba.

Shawarar da ta wuce mako 2 ita ma sai an bincika. Idan ta haɗu da yawan barci, taurin bayan gida, babban harshe da ƙaton cibi, a nemi gwajin sinadarin maƙoshi. Rashinsa na daƙushe ƙwaƙwalwa, alhali maganinsa ƙwaya ce guda a kullum, kuma yaron da aka fara ba shi a makonnin farko yakan tashi lafiya lau.

Yaran da za a fi sa wa ido

A rubuta a shafin farko na littafin idan ɗaya daga cikin waɗannan ya faru: doguwar naƙuda da jariri bai yi kuka nan take ba, haihuwa kafin mako 37, nauyi ƙasa da kilo 2.5, kwanciya a kwalba, jijjiga a watan farko, shawarar da ta kai ga fitila ko sauyin jini, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauron da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko kuma akwai kurma ko mai irin wannan larura a dangi. Ba lallai ne irin wannan yaro ya samu matsala ba, amma shi ba a jiran alama kafin a kai shi dubawa. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau a gwada jinsa cikin makonnin farko bayan sallama.

A kuma daina sa wa jariri kwallin gargajiya. Da yawansa dutsen dalma ne aka niƙa. Gubar dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, kuma ɗan kaɗan daga cikinta ya isa ya rage wa yaro kaifin fahimta ba tare da an ga wata alama a jiki ba.

A ɗaura dubawa a kan ranakun rigakafi

Da ma ana zuwa asibiti a mako 6, 10 da 14, sai wata 6, 9 da 15. Daren kowace tafiya a zauna a duba yaro yana farke, ya ƙoshi, ɗaki da ɗumi, an rage masa kaya. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a garin sanyi, domin ba a ganin motsin gaɓoɓi ta cikin riguna uku.

Daga mako 6 zuwa wata 2, jariri ya kamata ya riƙa kallon fuskar mai shayar da shi, ya bi ta da ido in ta matsa, ya yi murmushi in an yi masa wasa, ya zabura in an yi ƙara. Zuwa wata 4 wuya ya tsaya. Gwajin shi ne a kwantar da shi rigingine, a kama hannayensa biyu a jawo shi a hankali zuwa zaune. Idan kai ya rage a baya yana lilo bayan wata 4, a faɗa wa likita. A duba hannaye ma: in har yanzu a dunƙule suke kullum, babban yatsa a cikin tafi, abin lura ne. A ɗaga shi ta hammata. Ƙafafun da suka sandare suka gicciye kamar almakashi, ko jikin da ya saki har yana neman sulluɓewa daga hannu, duka biyun na iya zama alamun shanyewar da ke tasowa daga ƙwaƙwalwa. Sau da yawa uwa takan fara gane wannan wajen wanka ko ɗaura goyo, in ta ji ƙafafun ba sa buɗewa su rungumi bayanta.

A wata 6 yaro na miƙa hannu ya ɗauki abu, yana dariya da sauti, yana birkicewa. A lura da hannun da yake amfani da shi. Yaron da bai shekara ba amma kullum hannu ɗaya yake miƙawa, ɗayan na naɗe, ba bahago ba ne kuma ba mai fifita dama ba ne; mai yiwuwa ɗaya ɓarin ne ke da rauni. Fifita hannu na gaskiya sai bayan shekara guda yake bayyana.

A wata 9 ya zauna ba tallafi, ya juyo in an kira sunansa, ya riƙa gwarancin "bababa" da "mamama", ya san baƙo. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, wanda ya haɗa da yaran Ghana, ya nuna lafiyayyun yara na zama da kansu tsakanin wata 4 zuwa 9, su yi tafiya tsakanin wata 8 zuwa kusan 18. Tazarar tana da faɗi, saboda haka kada a tayar da hankali don ɗan maƙwabta ya riga naku. Wasu lafiyayyun yaran ma ba sa rarrafe sam, jan gindi suke yi sai kawai su miƙe. Amma iyakar tana nan: rashin zama bayan wata 9 da rashin tafiya a wata 18 ba abin jira ba ne.

Awon kai kuma a yi shi wata-wata. A zagaya tef ta saman gira da saman kunnuwa zuwa wurin da ƙeya ta fi tudu, a auna sau 3 a ɗauki mafi girma. Yawanci ana haifar jariri da kusan santimita 34 zuwa 35. Kan na ƙaruwa da kimanin santimita 2 a wata a watanni 3 na farko, sai 1 a wata har wata 6, sai rabi a wata har shekara, inda yakan kai wajen 45 zuwa 47. Lamba ɗaya ba ta cewa komai, tafiyar lambobin ake kallo. Kan da ya tsaya cak, ko wanda ke kumbura da sauri ga maɗiga ta taso ta yi tauri ga idanu na kallon ƙasa, yana buƙatar hoto da gaggawa.

Gwajin ji da gani

Iyaye da yawa sun yi ta rantsuwa cewa ɗansu na ji, domin yana juyowa in an buga ƙofa. Kurman yaro na jin girgizar ƙasa a jikinsa, yana ganin inuwa, yana jin iskar tafi a kumatunsa. Don haka gwajin gida na buƙatar mutum biyu. Daga wata 7 zuwa sama, yaro ya zauna a cinyar uwarsa, wani ya tsaya gabansa ya ɗauke masa hankali da abin wasa, na biyun ya laɓaɓa ta baya, kamar taku ɗaya daga kunne, inda yaro ba zai gan shi ko inuwarsa ba. Ya kaɗa cokali a hankali cikin kofi, ko ya kira sunan da raɗa. A gwada kowane kunne daban. Mai goyon kada ta motsa, domin yaro na bin motsin jikinta.

Wata alama mai ƙarfi ita ce gwarancin da ya fara sannan ya mutu. Jaririn da ba ya ji shi ma yana ƙananan sautuka a watannin farko, amma da yake ba ya jin kansa, sai ya yi shiru a rabi na biyu na shekararsa ta farko. Gwajin gida ba ya maye gurbin na'ura. Akwai gwaje-gwaje biyu, OAE da ABR, da ake yi wa jariri yana barci ba tare da ciwo ba. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce a tantance ji kafin wata 1, a tabbatar da matsala kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6.

A ido kuwa, farin ɗigo a tsakiyar ƙwayar ido, ko ido ɗaya da ke fitowa fari a hoton da aka ɗauka da filasha, na iya zama yanar ido ko ciwon dajin ido, kuma a makon nan za a ga likitan ido. Haka idon da ke rawa, ko wanda ya karkace bai daidaita ba bayan wata 4.

Daga shekara 1 zuwa 3: nuni, kallo da magana

Kalmar galahanga da ake ji a rediyo ta tattara laruri daban-daban wuri guda. Larurar Down tun haihuwa ake ganinta a kamannin fuska da sakin jiki, kuma kusan rabin masu ita na da matsalar zuciya, don haka hoton zuciya na cikin abin farko da za a nema. Otizim kuwa ba a ganinsa a fuska. A mu'amala yake bayyana, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta shi da kusan yaro 1 cikin 100.

Kafin a ƙirga kalmomi, a duba waɗannan. A nuna wani abu can nesa, a ce "kalli akuya!" Shin yana bin yatsa da ido? Shi da kansa yana nuna abu don ya burge ku, ya kalli abin ya dawo ya kalli fuskarku? Yana kawo abin wasa don ku gani? Yana kwaikwayon shara ko tuƙin tuwo ko kara waya a kunne? Yaron da zai kama hannun uwarsa ya ɗora a kan kofi ba tare da ya dubi idonta ba, ko ya shafe lokaci yana jera murafen kwalba ko juya tayar mota, ko ya toshe kunne in an kunna injin markaɗe, ko ya yi ta kaɗa hannaye yana tafiya a kan yatsun ƙafa, yana buƙatar a tantance shi.

Iyakokin magana su ne: ba gwaranci ba nuni ba ɗaga hannun bankwana a wata 12, ba kalma ko ɗaya a wata 16, ba haɗa kalma biyu da kansa kamar "ba ni" ko "Baba tafi" a wata 24. Yaron Jos na iya tasowa yana jin Hausa a gida, Turanci a makaranta, Berom ko Ngas a wajen maƙwabta. Jin harsuna da yawa ba ya hana magana. A haɗa kalmominsa na dukkan harsunan a ƙirga su tare.

Akwai takardar tambayoyi 20 mai suna M-CHAT-R da ake cike wa yara 'yan wata 16 zuwa 30, amsarta e ko a'a. Maki 0 zuwa 2 ƙaramin haɗari ne, 3 zuwa 7 sai an ƙara bin tambayoyin da ma'aikacin lafiya, 8 zuwa sama a tura yaro ga ƙwararre kai tsaye. Takardar ba ta yanke hukunci, tana nuna wanda za a duba ne. A nemi a yi ta a wata 18 da 24. Duk yaron da maganarsa ta yi jinkiri, gwajin ji za a fara yi masa ko da kowa na ganin yana ji. Kuma kada a je wa wanzami a ce ya yanka tantanin ƙarƙashin harshe ko ya cire beli. Ba su ne ke hana yaro fahimta ko furta kalma ba, ga haɗarin zubar jini da shigar ƙwayar cuta.

Alamun otizim kan fito fili a tsakanin da ake yin allurar ƙyanda, shi ya sa wasu ke ɗora laifin a kan rigakafi. Rahoton da ya haifar da wannan zargi a Ingila a 1998 an janye shi a 2010 bayan an gano maguɗi a cikinsa. Ƙyanda da sanƙarau da ake rigakafinsu su ne ke kurmantar da yara su taɓa musu ƙwaƙwalwa. Batun rashin natsuwa da yawan ƙiriniya kuwa, ba a yanke hukunci a kansa kafin shekara 4.

Abu biyu da ba a kwana da su

Na farko shi ne komawa baya. Yaron da ya iya zama, ko kalma, ko kallon ido, sannan ya daina, a kowane wata ne, a kai shi asibiti. Na biyu wata irin farfaɗiya ce ta jarirai da ke zuwa yawanci tsakanin wata 3 zuwa 12. Jariri zai sunkuyar da kai farat ɗaya, ya ware hannaye ko ya naɗe jiki na daƙiƙa 1 ko 2, ya saki, ya sake, sau da yawa a jere, galibi da tashinsa daga barci. Ana yawan ɗaukarta a matsayin ciwon ciki ko firgita. A ɗauki bidiyo a nuna wa likitan yara a ranar, a nemi gwajin EEG da ke auna aikin ƙwaƙwalwa, domin kowane mako na jinkiri yana cin ƙwaƙwalwa.

Idan jijjiga ta kama yaro, a kwantar da shi a gefe ɗaya, a duba agogo. Ba a cusa cokali a baki, ba a ɗura manja ko jiƙo, ba a kara ƙafarsa a wuta. In ta kai minti 5, a kama hanyar asibiti.

Yadda za a shiga asibiti a fito da amsa

A fara da asibitin unguwa inda ake rigakafi, a nemi takardar turawa zuwa likitan yara. A Jos akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, inda ake da likitocin ƙwaƙwalwar yara da sashen gashi da ake kira fisiyo, akwai Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, akwai kuma na Jami'ar Bingham da aka fi sani da Jankwano. A tafi da katin rigakafi, littafin, takardar sallamar haihuwa, da bidiyo biyu ko uku na minti ɗaya-ɗaya da aka ɗauka a haske, jikin yaro duka na fitowa. In da hali uba ya je, ko kakar da ke da ta cewa a gidan, domin abin da aka ji daga bakin likita ya fi saurin karɓuwa a kan wanda mai ɗaki ta dawo ta faɗa.

A yi magana da lamba. Maimakon "Likita, yaron nan ba ya girma yadda ya kamata", a ce "Likita, watansa 10, a cikakken wata aka haife shi, ba ya zama sai an tallafe shi, hannun hagunsa a dunƙule yake, kuma ya yi shawara a kwana na 3." Kafin a tashi a tambayi abu uku: wane gwaji za a yi, me za a riƙa yi masa a gida, yaushe za a dawo. In an ce a jira, a nemi a sa rana, kada ta wuce wata 3.

Ba sai an samu sunan larura ake fara taimako ba. Gashi da koyar da magana ana iya fara su ana cikin bincike. Addu'a da tofi ba sa hana zuwa asibiti, a haɗa su tare. Yaron da ake kira ɗan ruwa mutum ne da ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni, yawanci wajen haihuwa ko daga shawara, kuma ba laifin uwarsa ba ne. Idan lokacin makaranta ya matso, Jami'ar Jos na da sashen ilimin masu buƙata ta musamman da za a iya neman shawararsa, akwai makarantar kurame a Bassa, da ta makafi a Gindiri da ke aiki tun 1953.

Kafin ranar komawa, a riƙa kwantar da jariri rubda ciki yana farke ana kallonsa, minti 3 zuwa 5 sau da yawa a yini, barci kuwa a rigingine. A sauke shi daga goyo ya samu lokaci a tabarma. A yi masa magana fuska da fuska wajen wanka da ciyarwa, a ambaci sunan abin da yake kallo, a dakata a ba shi damar amsawa ko da da sauti ne. A cire masa waya da talabijin kafin shekara 2, bayan nan kada ya wuce awa 1 a yini. Duk sabon abin da ya yi, da duk wanda ya daina yi, a rubuta shi da kwanan wata a kai wa likita.